Inda Riba Ke Zurarewa: Lamarin Wata Mai Buga Tishat a Kano da Kuɗin Aika Saƙo

## Mafarin sana'ar, ƙarshen 2022

Matar da wannan bayani ya shafa mazauniyar birnin Kano ce, ta fara buga rubutu da zane a jikin tishat a ƙarshen 2022. Jarinta bai taka kara ya karya ba: injin zafi guda na manna zane, tebur, dutsen guga da wayar hannu. Rigunan takan saro su dozin-dozin a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, a fitar mata da zanen a wani shagon firintin, ta dawo gida ta manna. Talla kuwa duk a Instagram da WhatsApp take yi. Masu sayenta ɗalibai ne masu shagalin kammala karatu, da ƙawayen amarya, da ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa.

A watannin farko babu wata matsalar aikawa, domin kusan kowa a Kano yake. Wanda ya yi oda ya zo ya karɓa, ko ƙanenta ya kai masa a adaidaita sahu. Da aka fara tambaya daga Zariya da Kaduna, sai ta yanke kuɗi ɗaya ga duk wanda ke wajen Kano: naira 1,500, ko riga ɗaya ce ko huɗu, ko ina za ta. Ba ta auna komai ba kafin ta yanke. Ta tambayi wata mai sayar da turaren wuta abin da take karɓa, ta ɗauki wannan adadin.

## Oda ta fara nisa, Janairu zuwa Mayu 2023

Daga farkon 2023 saƙonni suka fara kaiwa Abuja, Jos, Maiduguri, Legas da Fatakwal. Hanyoyin aikawa biyu ne, kuma kowace da yadda take yanke kuɗi.

Ta farko ita ce tasha. Ƙanenta ya ɗauki ƙunshi ya kai Unguwa Uku ko Na'ibawa idan Kaduna ne ko Abuja, ko wajen manyan motocin Sabon Gari idan Kudu za shi. A tasha babu sikeli. Ɗan kamasho zai dubi girman ƙunshin, ya ɗaga shi da hannu, ya tambayi me ke ciki, sannan ya faɗi kuɗi. Akwai ciniki a ciki, akwai kuma sanayya. Wanda aka saba da fuskarsa ba kuɗinsu ɗaya da baƙo ba. Mai karɓa kuma shi zai je tashar garinsu ya nemi direba a waya.

Ta biyu kamfanonin aika saƙo ne masu ofis da rasit, waɗanda ke kaiwa har ƙofar gida. Su sikeli suke ɗorawa, kuma kuɗinsu a mataki-mataki yake, ba giram-giram ba: zuwa rabin kilo kuɗi kaza, zuwa kilo ɗaya kaza, zuwa kilo biyu kaza. Wasu matakinsu na farko ya fi haka faɗi, amma tsarin ɗaya ne. Ƙunshin da ya haura mataki da giram 10 kuɗin mataki na gaba zai biya cif. A kan wannan ake ɗora harajin kaya da ayyuka na kashi 7.5 cikin 100, wanda ke aiki a Nijeriya tun Fabrairun 2020.

A daidai wannan lokacin aka shiga ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. 'Yan tasha da yawa tsaba suke so, masu POS kuma suna cajin abin da suka ga dama kafin su ba da ita. Wannan caji, da kuɗin adaidaita zuwa tasha da dawowa, da leda, da salatif, da katin kiran direba, babu ɗaya da ya shiga littafinta. A wurinta kuɗin aikawa shi ne abin da aka miƙa wa ɗan kamasho, shi ke nan.

## Yuni 2023: lissafi ya ƙi fita

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuli kuma ta wuce 600. Kuɗin mota ya bi ta, kuɗin saƙo ya bi kuɗin mota. A tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, rigunan da ake shigowa da su daga waje su ma suka ƙara kuɗi.

Abin da ya fara jan hankalinta a kasuwa ya faru. Ta sayar da riguna fiye da watan baya, amma da ta je sari sai kuɗin hannunta bai sayi dozin ɗin da ta saba ɗauka ba. Ta dawo ta zauna da ƙanenta, suka bi alat na banki da hirarrakin WhatsApp oda bayan oda. Abin da ya fito shi ne, a saƙon Zariya da Kaduna naira 1,500 tana biyan ɗan kamasho amma ba ta biyan adaidaita. A saƙon Legas da Fatakwal kuwa, musamman wanda ya bi ta kamfani, cikon da take yi daga aljihunta yakan cinye ribar riga guda, wani lokaci har ya taɓa uwar kuɗi. Oda mai riga huɗu zuwa Kudu, wadda take murna da ita fiye da kowace, ita ce ta fi cin ta.

## Gwaji biyu da ba su kai ba, Yuli zuwa Agusta 2023

Da farko ninka kuɗin ta yi, daga 1,500 zuwa 3,000, har yanzu ɗaya ga kowa. Masu saye na kusa suka ja baya. Wata a Zariya ta rubuto mata: "Haba Hajiya, nan da nan ɗin? Ai gara in ba ɗan ajinmu da zai shigo Kano ya taho min da ita." Na nesa kuma ba su yi ƙorafi ba, don sun san rangwame ne suke samu, kuma ita cikon bai ƙare ba. Gaba kura baya siyaki: in ta ƙara, na kusa su gudu, in ta rage, na nesa su cinye ta.

Daga nan ta koma tsarin da masu sana'a da yawa ke bi, wato mai kaya ya biya kuɗin saƙo idan ya je karɓa. Wannan ya ɗauke mata nauyin ƙiyasi, ya kawo wani. Direba ya isa Abuja ya faɗi kuɗin da ya fi wanda aka yi magana a Kano, mai saye ya kira ta cikin fushi, ita kuma ba ta da ta cewa tunda ba a gabanta aka yi ba. Akwai wanda ya ƙi zuwa karɓa gaba ɗaya, ƙunshin ya kwana biyu a tasha ya dawo, ta biya zuwa ta biya dawowa. Riga mai sunan mutum a baya kuwa ba ta sayuwa ga wani. Kamfanonin ofis ma yawanci sai an biya kafin su karɓi kaya, don haka tsarin bai shafi rabin saƙonninta ba.

A cikin wannan tsakanin aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, aka rufe iyaka. 'Yan masu sayenta na Maraɗi da Damagaram, waɗanda da ma ta hannun direbobi kayansu ke zuwa, ta dakatar da karɓar odarsu.

## Kwalin da ya tafi Ingila, Satumba 2023

Wani ɗan Kano mazaunin Ingila ya yi odar riga 12 don taron dangi. Ta ƙiyasta da ka: kowace riga kamar giram 200, jimla kilo biyu da rabi ko kusa. Ta kira wani kamfanin aikawa ta jirgi ta tambayi kuɗin kilo uku don ta bar sarari, ta faɗa wa mai oda, ya turo.

Saboda kayan na ƙasar waje ne ta so su yi kyan gani. Ta naɗe kowace riga da takarda mai laushi, ta jera su sakwa-sakwa a wani kwali mai tsabta da ta samu a shagon makwabta. A ofishin kamfanin aka ɗora kwalin a sikeli, ya nuna kilo 2.7. Ƙanenta ya fara ƙirga kuɗi. Sai ma'aikacin ya jawo tef ɗin awo ya auna tsawo, faɗi da tsayi: santimita 40, 30 da 25. Ya danna kalkuleta ya ce kilo 6 za a biya.

Yaron ya kira ta daga wurin. "Yaya, wai sun ce kilo shida ne. Na ga sikelin da idona, bai kai uku ba."

Ba cuta ba ce, ƙa'ida ce da ke rubuce a takardunsu. Jirgi wuri yake sayarwa tare da nauyi, don haka kamfanonin aikawa ta sama suna lissafa abin da ake kira nauyin girma: a ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da wani adadi. Kamfanin DHL da takwarorinsa da 5,000 suke rabawa, a jigilar manyan kaya ta jirgi kuma an fi amfani da 6,000. Wanda ya fi yawa tsakanin nauyin sikeli da nauyin girma, shi ake caji. A nan 40 sau 30 sau 25 ya ba da 30,000, a raba da 5,000 ya zama kilo 6. Fiye da rabin kuɗin na iskar da ke cikin kwalin ne.

Ta ce ya dawo da kayan. A daren suka cire takardun, suka ninke rigunan ƙanana, suka danne su cikin jakar leda mai kauri suka matse iskar, suka ɗaure da salatif. Ƙunshin ya koma santimita 35 da 28 da 12, wato 11,760, nauyin girmansa kilo 2.35. A sikeli ya nuna 2.4, aka caje shi a matsayin kilo 2.5. Duk da haka rasit ɗin ya ɗara abin da aka faɗa mata a waya, domin akwai ƙarin kuɗin mai da kamfanonin jirgi ke ɗorawa, wanda ke sauyawa lokaci-lokaci. Ta kuma gaya wa mai odar cewa hukumar kwastan ta can na iya neman haraji a hannunsa, tunda ba ya cikin abin da ya biya.

## Sikeli ya shigo gida, Oktoba 2023

Bayan wannan ta sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir, irin na masu yin kek, mai auna har kilo biyar giram-giram. Kuɗinsa bai kai na riga biyu ba. Ta ware yini guda ta auna duk abin da ke fita daga ɗakin.

Rigunan da ta fi amfani da su na auduga ne masu lamba 180 a jikin ledarsu. Lambar nauyin yadin ce, giram 180 a kowace murabba'in mita, ba nauyin rigar ba, kuma a nan masu sana'a da yawa ke ruɗewa. Da ta ɗora su ɗaya-ɗaya, ƙaramar S ta zo wajen giram 150, M wajen 165, L wajen 185, XL ta ɗan haura 200, XXL kuma wajen 230. Tsakanin ƙarama da babba akwai giram 80, fiye da rabin ƙaramar riga. Masu lamba 150, waɗanda ake so lokacin zafi, M ɗinsu ba ta kai 140 ba. Riga mai hula ta sanyi kuwa ita kaɗai ta wuce rabin kilo.

Bugu ma yana da nauyi. Ɗan tambari a ƙirji kusan ba ya motsa sikeli, amma babban zane da ya cika baya yakan ƙara giram 10 zuwa 20. Ledar da ake sa kowace riga giram 4 ko 5 ce, jakar waje wajen 15, katin godiya da takardar adireshi da salatif su ma 'yan giram. Ta lura da wani abu kuma: rigar da ta auna a ƙarshen damina, da ta sake aunawa bayan hunturu ya shigo sai ta ragu kaɗan. Auduga tana shan danshin iska, ta sake shi idan gari ya bushe. Bambancin 'yan giram ne a riga ɗaya, amma a riga biyar yana iya tsallakar da ƙunshi zuwa wani mataki.

Da ta jera waɗannan lambobi kusa da matakan kamfani, sai tsoffin rasit suka fara bayyana kansu. Riga biyu M da bugu da leda suna tsayawa wajen giram 380, ƙasa da rabin kilo. Riga biyu XXL da babban zane kuwa 460 ne, a ƙara 30 na bugu, a ƙara 30 na leda, sun zama 520. Giram 20 ɗin nan ne ke mayar da su kuɗin kilo guda, alhali ita a idonta duk "riga biyu" ne. Riga uku M sun riga sun wuce rabin kilo. Riga biyar L suna maƙale a ƙasa da kilo ɗaya da ƙyar, wajen 990, riga biyar XL kuma sun haye.

Wani abin da ya fito daga nan shi ne cewa a girman da aka fi saye, daga riga ta uku zuwa ta biyar kuɗin aikawa ba ya ƙaruwa. Wanda ya sayi uku ya riga ya biya wa biyu kujera.

## Jadawali, Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024

Ta zana jadawali a bangon littafinta, ta ɗauki hotonsa ta ajiye a waya. A gefe ɗaya ta raba wurare huɗu: cikin Kano, garuruwan da mota ke zuwa ta dawo a yini, irin su Zariya, Kaduna, Katsina da Dutse, sauran Arewa da Abuja, sai Kudu. A sama ta jera matakan nauyi: zuwa rabin kilo, zuwa kilo ɗaya, zuwa kilo biyu. Kowane gida lamba biyu ne a cikinsa, ta tasha da ta kamfani, mai saye ya zaɓa. Ƙasar waje ba ta sa mata lamba ba. Wannan sai an ƙunshe, an auna da sikeli da tef, an tambayi kamfani a ranar, kuma farashin kwana biyu kawai yake tsayawa.

Lambobin ba na ɗan kamasho kaɗai ba ne. A kowace ta haɗa kuɗin leda da salatif, da rabon kuɗin adaidaita, da ɗan abin da take ba ƙanenta, da cajin cire kuɗi. Don rabon adaidaita ya ragu ta daina fita kullum, ta mayar da aikawa ranar Talata da Asabar, ƙunshi shida ko bakwai su tafi a fita ɗaya. A kowace tasha kuma suka tsayar da mutum ɗaya da suke hulɗa da shi, aka daidaita da shi kan kuɗin ƙaramin ƙunshi da na babba, a biya a Kano, a rubuta "an biya" da alƙalamin maka a jikin leda tare da lambar wayar mai karɓa.

Ta kafa wa kanta doka biyu. Ƙiyasin da ya zo cikin giram 30 na bakin mataki, a lissafa shi a mataki na gaba, saboda sikelin kamfani da nata ba lallai su yi daidai ba. Kuma kwali ba ya shiga sai an haura riga 15, shi ma a yanke shi daidai da kayan.

A watan Disamba ta yi amfani da abin da sikeli ya nuna mata, ta sanar cewa daga riga uku zuwa biyar kuɗin aikawa ɗaya ne, ban da L da abin da ya fi ta. Ƙawayen amarya da 'yan aji ɗaya suka fara haɗa oda a adireshi guda.

## Shekarar 2024

Jadawalin farko bai yi wata uku ba ya tsufa. Daga nan ta fara rubuta kwanan wata a samansa, tana kiran mutanenta na tasha da ofishin kamfani a farkon kowane wata, da kuma duk ranar da aka ji gidajen mai sun sauya farashi. A watan Maris aka buɗe iyakar Nijar, ta ƙara layi na biyar don Maraɗi da Damagaram, ta tasha kaɗai. A Satumba lita ta kai wajen naira 900, a Oktoba ta haura 1,000, a cikin watannin biyu sau biyu ta sauya lambobin. Nauyin rigunan bai buƙaci sabon awo ba, sai lokacin da ta sauya dilan da take sari a wurinsa, ta tarar L ɗinsa ta fi ta baya nauyi.

Zuwa ƙarshen shekarar, abin da take karɓa na aikawa da abin da take kashewa suna haɗuwa a ƙarshen wata, wani watan da ɗan saura, wani da ɗan giɓi. Masu saye na kusa sun dawo, don kuɗinsu ya sauka ƙasa da 3,000 ɗin da ya kore su kafin tsadar mai ta sake ɗaga shi. Wasu na Kudu masu riga ɗaya sun daina saye da suka ga ainihin kuɗin. Rigimar direba da mai karɓa ta ragu sosai.

## Me ya sa wannan ya yi, waɗancan suka ƙi

Kuɗi ɗaya ga kowa ya faɗi ne saboda abubuwa uku ne ke yanke kuɗin saƙo, nisa da nauyi da girma, shi kuwa bai kalli ko ɗaya ba. Ninka shi bai gyara komai ba, ya dai ɗora wa ɗan Zariya kuɗin ɗan Fatakwal. Barin mai saye ya biya a can kuma ya miƙa farashin ga wanda ba shi da asara idan ciniki ya lalace, wato direba.

A ganina sikelin shi kaɗai da bai isa ba. Da ta tsaya a sanin cewa riga giram 165 ce, da ta ci gaba da ninkawa da adadin riguna tana kuskure a bakin mataki. Abin da ya yi aiki shi ne auna ƙunshin da aka gama ɗaurewa, da sanin inda kowane mataki ya ƙare, da rarrabe abin da ba ya sauyawa, wato nauyi, daga abin da ke sauyawa kowane wata, wato farashi. Masu sayen da ta rasa a Kudu ma ba asara ba ce, tunda da ma biya take yi don ta sayar musu.

Akwai abin da jadawalin bai magance ba har yanzu, wato canjin girma. Mutum ya yi odar L, ta isa ta matse shi, ya nemi XL. Saƙo uku ke nan a kan riga ɗaya: zuwa, dawowa, da sake zuwa. Ta fara tura hoton awon ƙirji da tsawo a santimita kafin ta karɓi kuɗi, kuma ta rubuta cewa kuɗin canji na mai saye ne idan shi ya zaɓi girman. Wasu suna aunawa. Da yawa kuma har yanzu amsarsu ita ce, "Hajiya ki ba ni daidai ni kawai, ai kin ga hotona."